Talatin-da-Biyu da Ɓarawon Iskar Taya

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa, aka tsallake Talatin-da-Biyu, to a goge a sake. Wani ya san magani, wani ya san shari'a, wani ya san gini. Shi iska ya sani. Ba wannan da ke kaɗa labule ba, wannan ai ta kowa da kowa ce. Iskar cikin tayar babur nake nufi, wadda ido ba ya gani, hannu ba ya kamawa. Ita ya sa a gaba, ya buɗe mata littafi, ya kafa mata doka. Tun da aka fara ƙera taya ba a taɓa samun wanda ya tsaya mata tsayin daka kamarsa ba. Kuma wannan magana daga bakinsa muka ji ta, don haka babu tantama a ciki.

Wurin da wannan bawan Allah yake haskakawa wani kamfanin kai saƙo ne a bayan kantin magani. Fili ne mai ƙofar ƙarfe, da rumfar kwano, da ɗakin ajiyar kaya, da ofis mai tebur biyu da fanka ɗaya. Babura goma sha huɗu. Mai kamfanin Hajiya ce, mace mai tsadar magana, wadda in ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dube ka, sai ka tuno laifin da ka yi bara. Shi kuwa ƙanin mijinta ne. Shekara shida ya yi a kan babur yana raba saƙo kamar kowa, rana ta gasa shi, ruwa ya yi masa duka, karnukan gidajen mutane duk sun san ƙafar wandonsa. Amma wannan tarihi ba a tayar da shi a gabansa.

Hawansa ya samo asali ne daga wata faɗuwa da ba tasa ba. Wani direba ya taka ƙusa bai sani ba, taya ta yi ta sacewa a hankali, ya zo shan kwana ya sha ƙasa, ya yi sati uku yana ɗingishi. Hajiya ta ce ba za a sake ba. Ta sayo wasu 'yan na'urori, kowace ba ta wuce murfin kwalba ba, ana murɗa ta a bakin bawul ɗin taya. Ita ke auna iskar ciki, ta aika lamba zuwa wani ɗan allo da aka ɗaure a gaban direba. In iska ta yi daidai, allo ya nuna kore. In ta yi ƙasa, ya koma ja, ya kama tsuwa har sai an kula shi. Abu mai kyau wallahi, mai ceton rai. Masu sayarwa suka ce a turo mutum ɗaya ya koyi aiki da su. Hajiya ta leƙa fili, ta ga kowa ya fita sai ƙanin mijinta, wanda babur ɗinsa ke wurin bakanike. Ta ce ya je. Shi dai a nasa labarin, tacewa aka yi aka rairaye, aka ga babu kai irin nasa.

Kwas ɗin na yini ɗaya ne. Da safe malamin ya nuna yadda ake murɗawa, ya rubuta talatin da biyu a allo, ya ce ita ce lambar da irin baburansu ke so. Aka tashi shan shayi. Da aka koma, malamin ya ɗora da bayanin lokacin da ya dace a auna, da abin da bai kamata a yi ba. Gwanin namu bai samu halarta ba. Yana waje yana fama da mai hoto, wanda ya kasa gane cewa ɓangaren hagu na fuskarsa ya fi kwarjini. Ya dawo da takardar shaida, da hoto goma sha biyu, da lamba ɗaya tak a ka.

Hajiya ta ba shi tebur na biyu, ta kuma faɗi sharaɗinta a gaban kowa. "Wata uku zan gwada ka. In na ga amfani, tebur naka ne. In ban gani ba, ga babur ɗinka can an gyara." Aka jingine babur ɗin a lungun rumfa, aka lulluɓe shi da tamfal. Daga ranar, in zai wuce ta wurin sai ya kau da kai.

Don fa mutumin ya riga ya yi nisa. Yana komawa gida ya shaida wa matarsa cewa an naɗa shi Darakta. Kafin kwana biyu duk layinsu an ji, har da waɗanda ba sa gaisawa da ita. Surukarsa, wadda shekara shida ba ta kiransa da komai sai "mai babur ɗin nan", ta fara aiko masa da gaisuwa tana tambayar ya gajiyar ofis. Ya kyautar da rigar ruwansa. Ya sayi takalmi mai tsini, da laktaye, da usur, da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ko da yake daga teburinsa zuwa ƙofa babu motar da za ta buge shi. A ce bayan duk wannan ya koma kan babur, ya wuce ta layinsu da akwatin saƙo a baya? Gara ƙasa ta tsage ya shige. Abin da yake tsoro ke nan a duniya, kuma tsoron na nan tare da shi ko yana dariya.

Kowace safiya ƙarfe bakwai sai ya busa usur. Direbobi goma sha uku su jera babura su kunna, shi kuma ya bi layi, hannu a baya, yana leƙa allo ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai kamar likita a ɗakin marasa lafiya. Sannan ya hau kan wani bulo ya yi jawabi.

"Ma'aikata! Zamanin latsa taya da yatsa ya wuce. Zamanin buga mata ƙafa a saurari ƙara ya wuce. Yanzu ilimi ke magana, kuma ilimi ya ce talatin da biyu. Ban ce talatin da ɗaya ba. Ban ce talatin da uku ba. Da safe talatin da biyu, da rana talatin da biyu, ana ruwa ana zafi, talatin da biyu! Akwai mai tambaya? Babu. A tafi."

Cikin sati ɗaya sunan Talatin-da-Biyu ya bi shi. Ya ji ana kiransa da shi a bayan rumfa, bai ji haushi ba, ya ɗauka girmamawa ce.

Wannan batun yatsa kuwa da Baba mai faci yake. Baba ya shekara ashirin a bakin ƙofar nan, da injin bugun iska, da bahon ruwa na neman huji, da wani tsohon ma'auni da lambobinsa suka kusa gogewa. Shi ke cika tayoyin kamfanin tun baburan suna uku. Da aka kawo na'urorin ma murna ya yi, ya ce yanzu direba zai sani tun kafin ƙasa ta gaya masa. Amma Darakta ba zai raba ilimi da mutumin da baƙin mai ya shige masa ƙarƙashin farce ba.

Rikicin ya fara ne wata rana da azahar, ranar da kwalta har laushi ta yi don zafi. Dogo, direban da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ya dawo ɗaukar kaya zagaye na biyu. Darakta ya leƙa allonsa, ya ja da baya. Talatin da shida!

"Wa ya ba ka izinin ƙara iska?"

"Yallaɓai, ban ƙara komai ba. Tun safe ko tsayawa ban yi ba."

"To daga sama ta faɗo? Allo ba ya ƙarya. Mutum ke ƙarya."

Ya duba babur na biyu, talatin da biyar. Na uku, talatin da shida. Subhanallahi, ashe tawaye ake yi masa a ɓoye! Nan take ya nemi tsinken ashana, ya durƙusa, ya kwance na'ura, ya danna bakin bawul. Fiiis. Ya mayar, ya leƙa allo. Ya sake kwancewa. Fis. Sai da allo ya ce talatin da biyu sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Haka ya bi tayoyi ashirin da shida, gumi na bin laktaye, zuciya fes.

Baba mai faci yana kallo daga ƙofa. Ya taso ya matso, ya ce, "Ɗana, ai taya in ta yi gudu ta ji rana..."

"Baba, kana da takardar shaida?"

"Ba ni da ita."

"To ranar da ka samu sai mu zauna."

Baba ya koma kan bencinsa.

To ga abin da kowane mai faci ya sani, har da wanda ya fara jiya. Iska in ta ji zafi kumbura take yi, lamba ta hau. In ta huce ta koma inda take. Talatin da biyun da ake magana ta safe ce, kafin taya ta taka titi. Duk wanda ya rage wa taya iska tana da zafi, abin da take buƙata ya ɗebe mata. Wannan shi ne bayanin bayan shayi.

Washegari aka busa usur, aka kunna babura, sai fili ya kaure da tsuwa. Ƙiit! Ƙiit! Ƙiit! Allo goma sha uku duk ja wur. Ashirin da takwas, ashirin da takwas, ashirin da bakwai. Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Darakta bai ɓata lokacinsa a wannan ba. Jiya da hannunsa ya bar su talatin da biyu. Yau babu huɗu. Abin da aka ajiye aka wayi gari babu shi, me sunansa? Sata.

Ya hau bulo cikin ɓacin rai. "Ma'aikata! Akwai ɓarawo a cikinmu. Ba ɓarawon kaya ba, wannan ai ƙaramin alhaki ne. Ɓarawon iska! Wanda zai iya sace abin da ba a gani, me kuke tsammani zai yi wa abin da ake gani? To ya sani ya taɓo inda ba a taɓawa. Zan kama shi ko a cikin taya ya ɓuya."

Aka shiga sabon tsari. Da safe Baba ya cika, da azahar Darakta ya rage, washegari allo ya yi kuka, Darakta ya buɗe littafi ya rubuta da jan biro cewa ɓarawo ya sake zuwa. Direbobi suka fara ƙorafi. Daga azahar zuwa yamma babur nauyi yake yi, in an zo kwana sai ya riƙa lilo kamar ana tuƙi a kan katifa, mai kuma ya fi saurin ƙarewa. Gefen tayoyi ya fara cinyewa. Masu wayon cikinsu suka gano dabara. In sun kusa dawowa da rana sai su laɓe a inuwar gidan mai na rabin awa, taya ta huce, lamba ta sauko, sannan su shigo suna muzurai. Darakta ya ga sun fara zuwa da talatin da uku, ya ce horo ya soma shiga jiki. Saƙon mutane kuwa ya riƙa makara, waya ta riƙa ruri a ofis.

Ana cikin haka Hajiya ta yi tafiyar sati biyu duba mahaifiyarta. Fanka ta koma kallon teburinsa shi kaɗai. Ya zauna ya yi nazari mai zurfi, irin wanda sai an rufe ido. Wa ke amfana in taya ta sace? A gaban wa ake yin layi kowace safiya? Ya daki tebur. Baba mai faci! Ya rubuta takarda, ya buga mata hatimin da ya sa aka sassaƙa masa, ya ce daga yau an haramta wa Baba bakin ƙofar kamfani.

Baba ya karɓi takardar. Ya tattara injinsa da bahonsa da bencinsa, ya tsallaka titi, ya zauna a gindin bishiyar da ke kallon ƙofar. Ni kam wannan abu ya ɓata min rai, ba zan ɓoye ba. Dattijo da furfurarsa, a ce ya tashi daga inda ya shekara ashirin saboda tsinken ashana! Amma dai ribar da aka samu ita ce, yanzu kowace safiya sai direbobi goma sha uku sun turo babura sun tsallaka titi, sun tare motoci ana danna musu hon ana zaginsu, kafin a cika musu taya. Allo kuwa bai fasa kukansa ba ko na kwana ɗaya.

Ranar Laraba da la'asar Dogo ya ɗauko kwalin kofunan gilashi. Ya zo shataletale, tayar gaba ta ƙi bin hannu, ya zame. Allah ya kiyaye, gwiwar hannu kawai ya goge, amma kofuna ashirin da huɗu suka koma kamar ɗari biyu. Ya dawo yana huci, ya ce taya ta yi laushi, wallahi sai an kashe wani za a huta. Darakta ya leƙa allo, ya ga talatin da biyu cif, kore shar.

"Taya lafiyarta ƙalau. Tuƙinka za a duba."

Dogo ya dube shi tun daga tsinin takalmi har zuwa laktaye, ya tuna da 'ya'yansa huɗu, ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

Tunda an kori Baba kuma sata ba ta tsaya ba, ai lissafi ya fito fili. Saura mutum ɗaya da ke kwana tare da baburan, wato mai gadi. Shekara goma sha ɗaya yana tsare ƙofar nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Darakta ya ce wannan ma abin zargi ne, don babu mai tsare gaskiya haka sai in yana da wata manufa. Ya kira shi ofis, ya bar shi a tsaye.

"Ina kake kai ta?"

"Wa, yallaɓai?"

"Iskar."

Mai gadi ya dubi fanka ko za ta taimake shi. Can ya ce, "Yallaɓai, don Allah a me zan zuba ta?"

Darakta ya tura kujerarsa baya. Ya miƙe ya fita, kai tsaye zuwa bayan ɗakin gadi inda mutumin ke jingine kekensa. Ya sunkuya ya latsa tayar keken, da yatsa kuwa, ya ji ta da tauri kamar dutse. Ya ɗago yana murmushi. An kama ɓarawo da kaya a hannu.

Hajiya ta dawo ana saura kwana biyu wata uku su cika. Ta hango Baba a tsallaken titi. Ta ga Dogo da bandeji. Ta shiga ofis ta tarar da ƙorafin mai kofuna, da takarda shafi huɗu mai hatimi uku ana neman a kori mai gadi. Ta karanta har ƙarshe, ta sauke tabarau.

"Darakta. Na ji an ce haka ake kiranka yanzu."

"Jama'a ne, Hajiya, ba a hana su."

"Jibi wata ukunka ke cika. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana tsare min ƙofa, ba zan kore shi a kan tayar keke ba. Kawo hujja."

Ta tagar ofis yana hango tamfal ɗin nan a lungun rumfa. Amma ya gyara laktaye, ya tsaya ƙyam.

"Hajiya, ilimi ba ya tsoron gwaji. Yau da yamma zan daidaita kowace taya da hannuna. In shigar da baburan ɗakin ajiya, in sa sabon kwaɗo, mabuɗi ɗaya tak, a wuyana. Mai gadi ba shi da hanyar kai wa gare su. Gobe da safe za ki ga talatin da biyu daga farko har ƙarshe. Kin ga an gane wanda ke yi mana ɓarna ke nan."

"In kuma sun sauka fa?"

Ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai je kwas ba. "Ba za su sauka ba. In suka sauka, to mai riƙe da mabuɗi shi ne ɓarawon. A tsige shi nan take, ko ɗan wane ne. A rubuta."

Hajiya ta ja takarda ta rubuta.

Ƙarfe biyar baburan suka dawo, tayoyi da zafi kamar an sauke su daga wuta. Ya bi su da tsinken ashana har kowane allo ya ce talatin da biyu. Ya fito da kwalbar jan farcen matarsa, ya ɗiga a mahaɗar kowace na'ura, yadda in an murɗa dole a gani. Aka tura babura ɗakin ajiya. Ya datse kwaɗo, ya manna takarda a tsagar ƙofa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Da ya je gida ya ce wa matarsa gobe ta shirya da wuri, ta biya ta ɗauko mahaifiyarta, su zo su ga yadda ake kama ɓarawo da ilimi.

Da asuba aka ɗan yi yayyafi, gari ya waye da sanyi. Ƙarfe bakwai fili ya cika. An fito wa surukar Darakta da kujera daga ofis, matarsa na tsaye a bayanta ta ci ado. Direbobi sun jeru. Mai gadi ya raɓe a jikin bango, ya naɗe tabarmarsa da butarsa a gefe, don shi ya riga ya sallama. Darakta ya sa kowa ya zo ya duba takardar ƙofa, babu yaga. Ya sa aka jijjiga kwaɗo. Sannan ya hau bulo.

"Hajiya, Mama, ma'aikata! Yau rana ce da za a daɗe ana tunawa da ita. Wasu suna aiki da ƙarfi, wasu suna aiki da ƙwaƙwalwa. Ban ce kowa ya zama ni ba, don ba zai yiwu ba. Abin da nake roƙo kawai, in gaskiya ta fito, kada wanda ya zo min da ban haƙuri."

Ya zaro mabuɗi daga wuya, ya ɗaga kowa ya gani, ya buɗe. Ya ce Hajiya da hannunta ta kunna na farko, kada a ce ya yi wani siddabaru.

Hajiya ta murɗa. Ƙiit! Ƙiit! Ashirin da bakwai.

Ya ce wannan babur ɗin dama yana da taurin kai, a gwada na biyu. Ƙiit! Na uku. Na huɗu. Dogo ya shiga yana taya ta kunnawa, da wani irin zafin nama da ba a taɓa ganinsa da shi ba. Kafin minti biyu ɗakin ajiya ya ɗauka gaba ɗaya, rufin kwano na amsawa, allo goma sha uku ja wur. Darakta ya durƙusa yana bin na'urori da ido. Jan farce na nan yadda ya ɗiga shi, ko tsagewa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa allo. Ya hura masa iska. Ya goge shi da laktaye.

Mai gadi ya tako a hankali, ya dubi igiyar da ke wuyan Darakta, ya rusuna cikin ladabi.

"Yallaɓai, don Allah a me kake zuba ta?"

Wani direba ya tura kansa cikin hular kwano don kada a ji dariyarsa, amma an ji.

Hajiya ta ce wa Dogo ya tsallaka ya ce wa Baba tana roƙonsa ya zo. Baba ya zo yana goge hannu da tsumma. Ta tambaye shi ko ya san abin da ke faruwa.

"Babu ɓarawo, Hajiya. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. In lamba ta hau da rana, zafi ne, a ƙyale ta, za ta sauko da kanta. In aka rage mata a lokacin, to da safe sai a ga giɓi. Abin da na taso in faɗa ke nan tun ranar."

Hajiya ta miƙa hannu kan kantar ɗakin ajiya ta sauko da kwalin da na'urorin suka zo a ciki. A ƙasansa akwai 'yar takardar bayani, tana nan a ledarta ba a ko buɗe ba. Ta yaga ledar. A shafi na biyu ga hoton taya, ga hoton rana, ga hannu yana danna bawul, an ja masa jan layi an soke shi. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Ta ɗaga kowa ya gani.

To a nan ne za ka san manyan mutane. Da wani ne, da ya nemi ƙofa. Darakta bulo ya nema. Ya hau, ya yi gyaran murya.

"Ma'aikata! Gwajin da na shirya ya yi nasara. Binciken da na shafe wata uku ina yi ya tabbatar a yau cewa iska, idan ta ji zafi..."

"Sauko," in ji Hajiya.

Ya sauko.

"Kai ka ce a tsige, ni rubutawa kawai na yi. Ka ba Baba haƙuri, ka ɗauko masa bencinsa da kanka. Ka ba mai gadi haƙuri. In ka gama ka cire tamfal ɗin can."

Surukarsa ta miƙe ta kaɗe zani, ta dubi 'yarta. "Ke, wai mai babur ɗin nan zai iya sauke mu a gida, ko mu nemi mota?"

Mota suka nema. Ƙarfe takwas da rabi Baba ya dawo bakin ƙofarsa, ya cika babura goma sha huɗu, na ƙarshe a layi shi ne wanda aka ciro daga tamfal. Hajiya ta miƙo wa mai shi takardar aikinsa na farko ba tare da ta ɗago kai ba. A je shagon mai rubutun allo a hanyar kasuwa a karɓo kaya, a kawo nan ofis.

Ya sa hular kwano ya rufe fuska ruf, ya fita. Yayyafi ya dawo, tsinin takalmi na zamewa a kan giyar babur. Ya isa shagon a jiƙe, ya miƙa takarda. Mai rubutun allo ya shiga ciki ya fito da wani abu dogo mai nauyi. Kafin ya naɗe shi a jarida ya ɗan goge shi da hannun riga yana yaba aikinsa. Farantin tagulla ne mai ƙafa, irin na ɗorawa a kan tebur, an zana masa manyan haruffa: DARAKTAN SASHEN KULA DA ISKAR TAYA. Kwana goma ke nan da Darakta ya zo da kansa ya ba da aikin, ya ce in an gama a kira kamfani su aiko a ɗauka.

"Kai ne ɗan aiken?" in ji mai shagon. "To ka riƙe shi da kyau, abokina. Na wani babban mutum ne a wurinku, ba shi da wasa. Ya ce in ya ga ƙwarzane ko ɗaya, sai ya sa an kori wanda ya kawo."

Hular kwano ta gyaɗa.

Ya kawo shi lafiya, babu ƙwarzane. Ya tarar an riga an jera kwalaye a kan tebur na biyu, an ɗora butar shayi a gefe, fanka ta koma kallon Hajiya. Ya tsaya da abin a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, babu inda zai ajiye. Takardar saƙon tana da layi biyu a ƙasa, na wanda ya kawo da na wanda ya karɓa, kuma Hajiya ba ta son a bar mata gurbi. Ya ari bironta ya sa hannu a duka biyun.